Fasinjan Talata

Jebba ta tsare ni a bakin gadar Mayo Kaliyawo,
amma ba ita za ta hau ba.
Kwali ne fasinjan.
Ta ɗaure shi a bayan babur da tsohuwar roba,
a ciki farar takarda shimfiɗe
da ƙwallon goriba guda
wanda ya kwana a tawada.

Ta ce sharaɗi uku ne:
kar ka buɗe, kar ka kauce wa rami,
kar ka tsaya sai gindin dutsen Mindif.
Na ce, to wa zai yi zanen?
Ta miƙo jaka biyu, ta ce kai dai tafi.

Na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki bunsuru,
na taɓa ɗaukar ƙyauren ƙarfe a ka.
Ban taɓa goyon mai son gargada ba.
Ina jin sa a bayana,
ƙwal, ƙwal, gungurun,
sai shiru, sai ƙwal.

Da yamma a Domayo ta kwance robar.
Na leƙa. Tamkar kaji sun yi dambe a toka.
Har na fara dariya, sai na gane wani dunƙule:
nan ne kwalbatin da ya karya min ƙashin wuya.
Wannan siririn layi mai tsawo
gefen gonakin auduga ne,
inda hanya ke kwantawa
in tuna wana Bappa, in manta ina tuƙi.
Shekara tara ina zagin ramukan nan,
ashe kowanne da irin sa hannunsa.

Talata goma sha bakwai muka yi.
Na damina sun fi baƙi.
Wata rana bayana na ciwo,
na lallaɓa na zagaye kwalbatin.
Ta daɗe tana duban takardar.
Ta ce, Sanda, yau kai ka zana,
ni kuwa hanya na aika.
Ba ta yaga ba.
Ta rubuta a ƙasa da fensir: ranar da ya tausaya wa kansa.

An ce sun rataye su a wani ɗaki a Yawunde,
a jere, mutane na tsayawa hannu a baya.
Ban je ba.
Jiya na ga motar kwalta a hanyar Mindif,
suna cike kwalbatin nan,
na rage gudu, na rasa
ko murna zan yi.