Shafi Na Arba'in Da Bakwai

Shekara ta biyar ke nan
ina bin digirin digirgir,
har yaran layinmu a Barnawa sun gaji da kirana "Dakta gobe",
sun koma Anti Habi, kamar tun fari.

Farfesa Kande ta zagaye babina na uku da jan biro,
ta rubuta a gefe: "Ina hujja?
Tausayi ba ma'auni ba ne."
Na naɗe takarduna, na tari keke a Unguwar Rimi
ina haɗiyar haƙuri.

Tambayata ba ta da wuyar faɗa:
yaya kamfani ke mutuwa
alhali littafinsa na cewa lafiya lau?
Wa ya ciwo bashi, wa ya raba riba,
wa ya sa hannu a ƙasan shafi,
ta wace kafa ruwa ya shiga ya ci jari?

Na samo kundayen a wani sito
bayan masaƙar da ta yi shiru a Kakuri.
Maigadi ya karɓi na goro, ya buɗe mini.
Ashe gara ta riga ni bita:
ta cinye ribar shekara uku,
ta bar asara ko lasa ba ta yi ba.
Ita ma da nata tsari.

Dare. An ɗauke wuta, caji saura kashi tara.
Ina zuba lambobi a kwamfuta,
kadara nan, bashi can,
dama ta yi daidai da hagu, ko kwabo bai ɓata ba.
To ai gawa ma wanka ake mata tas
kafin kabari.

Shafi na arba'in da bakwai,
ƙarin bayani na sha huɗu, da ƙananan haruffa:
"Kuɗin sallamar ma'aikata, ba a biya ba tukuna."
Layi ɗaya.
Lamba mai jan wutsiyar sifiri shida.
Na ajiye biro.
Babana na cikin wannan layin.

Sallau na ɗakin saƙa, shekara ashirin da biyu,
auduga a gira, auduga a huhu,
kunnen hagu ya tafi da ƙarar inji.
Takardarsa na cikin leda ƙarƙashin katifa.
Har daren da ya cika
cewa yake, "Za su kira mu, ku bari."

Ranar kare kundi, mutum biyar a tebur,
fanka na juya zafi.
Baƙon mai jarrabawa ya gyara tabarau:
"Malama, mutum ɗaya ba ya zama hujja."
Na ce, haka ne, ranka ya daɗe.
Ga kamfani sha tara, ga shekara ashirin,
ga jadawali, ga inda bashi ya rinjayi jari.
Ban ambaci kunnensa ba.
Suka yi ƙus-ƙus, suka ce in gyara shafi shida.

Na tsallaka gada da yamma, kogi ya kawo ja.
Inna na bakin tanda tana juya waina,
wainar da ta biya kuɗin kowane zango
ba rasit, ba littafi.
Ta ɗago, hayaƙi a idonta:
"To, Dakta, yanzu za su biya?"

Na karɓi cokalin daga hannunta.
Babu wannan babin
a cikin nazari.