Irin Kawu Nomau

A fadamar Wurno nake ganin shi in na rufe ido,
laka har gwiwa, kwasa rataye a kafaɗa,
jigo na kuka bakin rijiya kamar tsohuwar ƙofa,
shi kuwa yana bin kwami kwami, yana shayar da gauta.

Maƙwabta duk sun koma albasa,
albasa ke aurar da ɗiya, ita ke sayen babur.
Arzika dillali ya zo da buhunansa ya tsaya kan kunya,
ya ce, "Nomau, wa ke sayen ɗaci da kuɗinai?
Shuka yalo mai zaƙi, in cika maka mota."

Kawu bai ɗaga kai ba.
Ya tsinko ɗaya, kore mai zane kamar tsagar fuska,
ya goge a riga, ya miƙo mini kyauta.

Na gatsa, na tofar, hawaye sunka cika mini ido.
Ya yi dariya har haƙorinsa guda ya bayyana,
ya ce, "Ɗan ga, harshenka yaro na.
Kurɓi ruwa yanzu ka ji." Na ɗauki buta.

Ruwan rijiyar nan da na sani tun ina rarrafe
sai ga shi da zaƙi kamar an jiƙa mazarƙwaila.
Ban gaya masa ba. Na yi fushi, na tafi inuwa na kwanta.

Kowace shekara yakan bar uwa uku ba a taɓa su,
'ya'yan su tsufa a jiki, su yi ja, su yi taushi.
Ya matse su a ƙwarya, ya shanya a faifai,
ya cuɗe da tokar murhun Inna Tumba,
ya ɗura a kwalbar maganin tari,
ya liƙa takarda da ajamin da shi kaɗai ke iya karanta.

Shekarar da Rima ta hau tudu da dare
ta kwashe kwamin, ta kwashe jigon, har da akuya biyu.
Da asuba munka same shi kan reshen tsamiya,
ba hula, ba takalmi,
kwalbar na ɗaure a wuyansa kamar laya.
Ita kaɗai ya ɗauka sa'ad da zai fita.

Yau shekarata hamsin da huɗu, ina Mabera cikin birni,
gidan haya, tsakar gida duk siminti.
Likita ta duba takarda, ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce sukari ya yi yawa a jini,
in bar shayi mai kauri, in bar fanke,
in nemi abin da harshe ba ya so, jiki ya huta.

Kawu ya yi shekara tara a ƙasa.
Na je Wurno, Inna Tumba ta shiga ɗaka ta daɗe,
ta fito da kwalbar a ƙullin zane,
ta ce, "Ban san ko da sauran rai ba. Ni dai ban zubar ba, ban manta."

Bokitin fenti bakwai na cika da ƙasa da taki.
Huɗu shiru. Biyu sun tsiro, tunkiyar mai gida ta yi buɗa-baki da su.
Na bakwai na ɗora bisa katanga, na kewaye da ƙaya,
ina ba shi ruwan alwalata safe da yamma.
Ya yi fure fari, ƙanƙane, yana kallon ƙasa
kamar mai jin kunyar a ce ya ƙasaita.

Jiya na tsinki na fari.
Jikata Kulu ta miƙo hannu, ta gatsa, ta ɓata fuska,
ta ce, "Kaka, wannan ai mugunta!"
Ban ce mata komai ba. Dariya ta hana ni.
Na dai tura mata buta.