Ladanin Ƙofar Marke

Shekara talatin da ɗaya ina tada unguwa,
yau kwana goma sha tara ban ɗaga murya ba.
Abin da ke yawo a ƙasa kunne gare shi,
ba ya gani, ba ya jin kunya,
tari ɗaya ya ishe shi gayyata.

Tasassu muke ce musu.
Bagudu mai haƙar kabari ya raɗa sunan,
shi da ya ga ƙasar da ya daddale da hantsi
ta tsage kafin la'asar.
Ya yar da diga, ya ce aikinsa ya zama ɗiban ruwa da kwando.

Mu bakwai ne a kan soron Alhaji Modi.
Hajo ta ɗaure bakin akuya da ɗankwali,
jaririn Altine ya koyi kuka cikin zane.
Albasar da aka tara don kai wa Kara
ita ce kalaci, ita ce tuwon dare,
har guminmu ya ɗauki warinta.

Ranar Sakkwato, wadda muka saba yi wa tsaki,
ita kaɗai ce sojan da bai gudu ba.
Da azahar takan gasa su a kan kwalta,
su ƙandare kamar kilishi, su rage sauri.
A lokacin Atto ke sauka da jarka biyu, ba takalmi,
ya dawo da rabin ruwa,
rabin ya sha ƙasa a guje.

In lokacin salla ya yi, igiya nake ja.
Mun ɗaura ta daga soro zuwa soro:
in ja sau uku, a ja daga can,
in san gidan Macciɗo da sauran mai taimama.
Ran Talata na ja,
igiyar ta taho gaba ɗaya,
ba nauyi a ƙarshenta.

Sai saƙo ya faɗo a takardar siminti, ɗaure da dutse:
Sarkawa na da jirage ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa,
Tasassu ba su iya ruwa ba,
amma hanya cike take kamar ranar kasuwa.

Atto ya dubi batirin mota, ya dube ni.
Ban bari ya faɗa ba. Yaro ne,
kada ya ɗauki maganar a wuya har tsufa.

Na hau hasumiya kafin alfijir,
na janye tsani, na haɗa jar waya da baƙa.
Maƙogwarona ya yi tsatsa.
Na kira.

Suka taho.
Daga Marina, daga lungun majema, daga bayan tasha,
jan ƙafa kamar ana share gari da tsintsiya ɗaya.
Ga Tukur tela, igiyar awo a wuyansa har yanzu.
Ga Macciɗo, wanda bai taɓa rasa sahun farko ba,
yau ma shi ne a gaba.
Na ce salla ta fi barci,
muryata ta karye a kan barcin,
don waɗannan bayin Allah shi aka hana su.

Daga nan sama titi ya yi fayau.
Ɗigo biyar na gudu wajen gulbi, ɗaya da goyo,
akuya na binsu, bakinta a ɗaure.
Na sake kira, na ja shi fiye da yadda aka koya min,
har suka shige cikin kore.

Batir zai kai azahar in an yi sa'a.
Ina da albasa huɗu da rabin buta.
Ga rana nan tana fitowa, tsohuwar abokiyar faɗa,
bari mu ga wa za ta fara busarwa.
Guntun igiyar nan na ɗaura a yatsa,
ko da wani zai ja.