Jinin-mutum

Sunan ne ya fara ba ni tsoro.
Ina shekara bakwai Iya Tasalla ta ce,
ɗauko ƙwarya, za mu tono jinin-mutum.
Na maƙale bayan turmi na ƙi fita,
ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Ashe ɗan tsiro ne, ko gwiwa bai kai ba,
gashi-gashi, mai ƙaiƙayi,
a rairayin hanyar Bogo,
inda akuya ma ke wuce shi ba sallama.
Ta durƙusa ta tona da guntun magirbi,
ta zaro saiwa siririya kamar jelar ɓera,
ta murza a tafina.
Na duba, na nemi inda na yanke.

Ba a kwashe duka, in ji ta.
Ɗauki biyu, bar uku,
mai cinye iri baɗi ya ci tagumi.

A gida, nan Marwa,
sai shanya, sai daka, sai tukunyar da ba a miya da ita.
Kanwa kaɗan. Tsamiya in ruwa ya yi gardama.
Zare ya shiga fari kamar baƙo,
ya kwana uku, ya fito ɗan gida.
Bakari masaƙi na zuwa da kekensa ranar Litinin,
ya ɗaga zaren ga rana, ya ce bai nuna ba,
ita ta ce idonka ne bai nuna ba.
Shekara ashirin suna wannan ciniki.

Sai garin rini ya zo cikin gwangwani,
ja mai ihu, a zuba a kwashe kafin la'asar.
Ba ta zage shi ba.
Ta sayi ƙulli ɗaya ta gwada,
ta ce, kyakkyawa ne, amma bai san kowa ba.

Yau ni ke ɗiban jini a asibiti.
Na ɗaure dantse, na nemi jijiya,
na cika 'yan kwalabe, na rubuta suna.
Yara na ihu tun kafin allura ta taɓa su.
Wani lokaci nakan ɗaga kwalba ga taga,
in ji Bakari a kunnena.

Ranar da aka kawo ta, hannun ya bushe,
na lalubi jijiya sau uku ban samu ba.
Ta buɗe ido ta ce,
tona a hankali, ɗiyata, saiwar ta yi nisa.
Ɗauki biyu.

Mayafinta na nan a ƙasan adaka.
Jan ya kwanta, ya koma kalar ƙasar da aka yi wa yayyafi.
Bana bayan damina na hau babur zuwa hanyar Bogo.
An yi gonar albasa a wurin.
A gefen kwalbati na ga guda huɗu.
Na tsuguna, na daɗe.
Lissafinta bai faɗi yadda ake yi da huɗu ba.