Littafin aji, a Puno

Nayra ba ta ɗaga hannu a aji,
harshenta dutsen niƙa ne.

Ran Talata littafin aji ya kwana gidansu.
Ta rubuta:
"Jirgin kakana na ciyawa ne,
rashin nauyi ya hana shi nutsewa."

Eusebio ya ɗora a ƙasa:
"To na ƙarfen da ke ƙetare tafkin fa?"

Malama Huanca ta karanta, ta rufe,
jan bironta na aljihu.

Kwana uku Nayra na saka kwano a ruwa,
a buɗe, a karkace, cike da tsakuwa,
har yatsunta suka sandare.

Da hannunta ta soke layin farko.
Yana nan, yana leƙowa ta ƙarƙashin zanen.
Sabon ya fara da "wataƙila".