Allura da Takunkumi

A Salatiga, gindin dutsen Merbabu,
ruwan la'asar na dukan kwanon garejin babana
sa'ad da Gilang ya turo babur ɗinsa, jiƙe sharkaf,
hular kwano rataye a gwiwar hannu.

Ya ce, "Pak Tarjo, injin nan matsoraci ne.
Jan layi na kan dubu goma sha ɗaya,
amma da allura ta taɓa goma sai ya kama tari,
ta-ta-ta-ta,
kamar mai i'ina a gaban alƙali.
Cire mini takunkumin nan.
Da kuɗina na saya, duk juyin nawa ne."

Baba bai ce uffan ba.
Ya kurɓe sauran gahawarsa, ya bar dusar a ƙasan kofi,
ya dube ni: "Wening, ɗauko ƙaramar akwatin."

Ni na maƙala bakinta a wayar fulogi,
ni na riƙe ta a tafin hannu,
lambobinta jajaye, ba su san kunyar kowa ba.
Gilang ya murɗa totur.
Salansa ta yi kuka, kajin maƙwabta suka watse,
sifanu suka yi ta rawa a jikin ƙusa.

Dubu huɗu: allura da akwati baki ɗaya.
Dubu bakwai: allura ta fara jan ƙafa.
Da tarin ya zo,
agogon babur na rantsuwa goma ce,
akwatin hannuna ta ce goma sha ɗaya da ɗari biyu.

"Sake," in ji Gilang.
Muka sake.
Muka sake har warin ƙonannen mai ya cika rumfar.

Baba ya ce, "Allurarka ta tsufa, tana isowa a makare,
tana ba ka labarin inda ka riga ka wuce.
Wancan da kake zagi kuwa
ba ya gani, ba ya nunawa, ƙirga kawai yake yi.
In lissafi ya cika, ya ɗauke wuta daga fulogi,
ƙiftawar ido, ya mayar.
Ba tari ba ne. Hannu ne a ƙirjinka."

Sai ya buɗe gwangwanin biskit na saman kanta,
ya fito da bawul guda, lanƙwasasshe kamar ƙugiyar kifi.
"Na ƙanena Darmaji ne. Hanyar Kopeng, gangare na uku.
Ni na cire masa nasa takunkumin,
ya biya ni da kwalin taba.
Fistin ya riski bawul a hanya, tayar baya ta ƙame.
Je ka kasuwa da asuba, za ka gan shi,
mai waken suya, mai jan ƙafar hagu.
Har yau ba ya karɓar kuɗina. Da ma ya karɓa."

Gilang ya juya bawul ɗin a yatsunsa, ya daɗe.
Can ya ce, ƙasa-ƙasa,
"To ba za a iya sa allurar ta nuna sha biyu ba?
Don abokai kawai."
Baba ya yi dariya har ya dafa bango.
Muka gyara ta ta faɗi gaskiya. Takunkumi ya zauna.

Da dare muna hawa bene,
a mataki na bakwai Baba ya tsaya,
hannu ɗaya a ƙarfen riƙo, ɗaya a ƙirji,
numfashi na yankewa, yana dawowa.
Ya juyo da fuska lafiya lau, ya ce, "Ba komai."

Na dubi fuskar.
Na saurari ƙirjin.
Ban tambaye shi wanne zan gaskata ba,
na dai tsaya a mataki na shida, ina ƙirgawa.