Dalmar da Hannu Zai Iya Saki

A shagon Yermias, bakin gaɓar Alor,
inda ƙarnin busasshen kifi ke kokawa da warin roba,
ya zube mini dalma a kan benci
kamar mai tallan sabulu a kasuwar Kalabahi.
"Zaɓi, Oktovina," ya ce, "amma kada ki zaɓa da ido.
Zaɓi da hannun da tsoro ya kama."

Ga ɗamara, tsohuwar hannu,
dalma huɗu a jere, maɓalli ɗaya a kan cibiya.
Yatsa guda ya isa ya sallame ta.
Aibinta, in zurfi ya matse rigar roba,
ƙugu ya rame, sai ta juya,
maɓallin ya koma gadon baya,
kina lalube, shi yana can yana hutawa.

Ga aljihu biyu a jikin rigar iska,
kowanne da mariƙi ja kamar barkono.
A ja, ya fito. A tura, ya ce ƙyas.
"In ba ki ji ƙyas ba, ba ki saka ba.
Zai zame a tsakiyar tafiya,
ki tashi sama kamar gora,
huhunki ya biya bashin da kunnenki ya ci."

Ban ce masa komai ba.
Ina kallon wata igiya da ba ta cikin shagon.

Babana bai san dalma ba.
Dutse yake ɗaurawa a ƙugu,
ƙulli uku, irin na ɗaure kwale-kwale,
tiyo a baki, inji yana tari a sama.
Yakan ce kayan da aka ɗaure da kyau ba sa kunyata mai su.
Ranar da injin ya yi shiru
ƙullin ya cika alkawari.
Melkias, yayana, shi ya nutsa ya yanke shi da wuƙa,
ya ce farcen Baba duk sun karye a jikin igiyar.

Don haka na ce, "Ba ni wadda zan zubar duka.
Ko ƙwaya ɗaya kada ta liƙe mini."

Yermias ya tofar da jan yawun ƙwayar da yake tauna,
ya girgiza kai.
"Gudun gara kike, za ki faɗa gidan zago.
A mita talatin, wanda ya zubar duka
ba fitowa yake ba, harbo shi ake yi.
Kilo shida jikinki ke nema, mun auna jiya.
Biyu mu ɗaure bayan tukunyar iska, su zauna,
su ne za su riƙe ki in kin tsaya shan numfashi a hanya.
Huɗu a aljihu, biyu dama, biyu hagu.
Ki saki ɗaya, ki saurara.
Sau da yawa ɗaya ta isa."

Ya ƙara da abin da ban so ji ba:
akwai waɗanda suka iso har saman ruwa,
suka ga rana, suka ga jirgi,
suka koma ƙasa da dalmarsu a ƙugu,
wai suna jin tsadarta.

Da yamma muka shiga ruwa mai kai wuya.
Ya sa na rufe ido.
Ja. Mayar. Ƙyas. Ja. Mayar.
Sau ashirin, har yatsuna suka haddace hanya.
A na ƙarshe ya ce, "Kada ki mayar. Saki."

Na buɗe hannu.

Ta sauka a hankali, tana juyi,
ta faɗi kan yashi kusa da wani murjani,
ƙura ta tashi kaɗan, ta kwanta.
Ƙananan kifaye shuɗaye suka zo dubiya.
Ni kuwa ruwa ya ɗaga ni ta gefe ɗaya,
na karkace kamar kwale-kwalen da aka sauke wa buhu.

"To, sauka ki ɗauko," in ji Yermias.
"Yau dai aro ce."